Kwalekwale biyu, mutum takwas, daga Malali zuwa Barnawa

1/ Mutanen Kaduna, ku matso mu yi wata magana. Kusan kullum muna haye kogin nan, wasu a bas, wasu a Keke, ido na kan waya. A cikinmu mutum nawa ne suka taɓa gangarawa ƙasa suka sa hannu a ruwansa? Ni shekarata 22 a garin nan, sai Nuwamban da ya wuce na shiga cikinsa. Zaren yana da tsawo, a nemi wurin zama 🧵

2/ Daga Ingila maganar ta taso. Yayan wani abokinmu yana digiri na biyu a Birmingham, sai ya turo masa bidiyon hutun da suka yi da 'yan ajinsu. Kuɗi suka haɗa suka yi hayar wani siririn jirgin ruwa, dogo kamar tirela amma faɗinsa bai kai ƙafa 7 ba, da gadaje da kicin a ciki. Kwana uku suna tafe a kan ruwa.

3/ Hanyoyin ruwan da suke bi haƙa su aka yi da hannu, tun ƙarni na 18, don jigilar kaya masu nauyi. Wadda aka fi ambata ita ce Bridgewater, da aka buɗe a 1761 tana kai kwal Manchester. A lokacin doki ne ke jan jirgin daga bakin gaɓa. Jirgin ƙasa ya zo ya kashe musu kasuwa, yanzu sun zama wurin hutu. Tsakanin Ingila da Wales akwai kusan mil 2,000 na irinsu.

4/ Abin da ya fi ba mu dariya dokar gudu: mil 4 a awa ɗaya. Wato dattijuwa mai zuwa kasuwa za ta iya jerawa da ku tana muku nasiha. In an zo tudu kuma, akwai wani ɗaki na ruwa mai ƙofa gaba da baya. A shigar da jirgi, a rufe, a cika ruwa har ya ɗago shi. Fasinjojin ne ke sauka su tura ƙofar da ƙarfinsu. Ka biya kuɗinka, kuma ka yi leburanci.

5/ Sannan duk 'yar tafiya kaɗan akwai mashaya a bakin ruwa. Su ɗaure jirgi, su shiga su ci su sha, su dawo su ci gaba. Yayan nasa dai ya ce lemo yake sha, mu kuma mun karɓa a haka 😂

6/ Mu takwas ne a gurup ɗin, 'yan aji ɗaya a KASU tun shekarar farko. Shida daga wannan tsallaken: Kawo, Unguwar Dosa, Malali, Unguwar Rimi, Tudun Wada. Biyu daga wancan, ɗaya Narayi ɗaya Sabon Tasha. Ana cikin raha a kan bidiyon wani ya ce, to mu ba ga kogi nan ba? Mashaya kuma ai teburin mai shayi ya ishe mu.

7/ Wanda ba ɗan Kaduna ba zai ce meye abin rubuta zare don an shiga kwalekwale. Bari in yi masa bayani. A garinmu kogin nan iyaka ne. A Fabrairun 2000 aka yi rikicin Shari'a, aka kashe sama da mutum 1,000. A Nuwamban 2002 aka sake yin na gasar sarauniyar kyau ta duniya, sama da 200. Daga nan mutane suka kwashe kaya. Musulmi da yawa suka dawo arewacin kogi, Kiristoci da yawa suka koma kudu. An sayar da gidaje a wulaƙance, wasu ma musanya suka yi.

8/ Ba wai an rabu tsaf ba ne. Barnawa a gauraye take, akwai masallatai a Kakuri da Makera, akwai coci-coci a Unguwar Rimi da Kabala. Amma duk ɗan garin nan ya san in gari ya ɗau zafi, a wane ɓangaren gada ake so dare ya same shi. Ba a koya mana a makaranta ba, kuma duk mun iya.

9/ Gidanmu a Kakuri yake kafin a haife ni. Abbanmu ma'aikacin masaƙa ne a lokacin. Bayan 2000 suka tattara suka dawo Kawo, masaƙun ma suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, ya koma kasuwa. Umma ba ta ba da labarin Kakuri. In ka tambaye ta sai ta ce "ai ya wuce," ta aike ka sayo magi.

10/ Da na gaya mata shirinmu, ba ta ce uffan a kan tsallake ba, ruwa ta kama. Ta tuna mini Patigi. Kuma tana da gaskiya: a Yunin 2023 sama da mutum 100 suka rasu a can, 'yan biki ne suna dawowa cikin dare, jirginsu ya kife a Kogin Neja. A wannan yankin ne ma Kogin Kaduna yake zuwa ya faɗa cikin Neja. Duk haɗarin da ka ji, abu uku ne ke maimaita kansu: lodi fiye da ƙima, tafiyar dare, babu rigar ruwa.

11/ Saboda haka muka sa wa kanmu doka. Kwalekwale biyu, mutum huɗu-huɗu. Kowa da rigar ruwa, mun yi hayarsu a wani wurin ninƙaya. Sai bayan damina, kuma da rana. Kowa ya kawo N6,000. Don Allah wanda zai kwaikwaye mu kada ya gwada a Agusta ko Satumba. Lokacin kogin nan ba shi da aboki, ku tambayi mutanen Kigo Road da suke kwashe katifa duk shekarar da ya cika.

12/ Duk wannan cikin sauƙi aka gama shi. Rigimar a kan zango na ƙarshe ta tashi.

13/ Ɗan Narayi ya ce na ƙarshen a bar masa. Akwai wani wuri a Barnawa da ake gasa tarwaɗa, wai babu irinta a faɗin jihar nan. Akwai wanda muke kira Ustaz tun ajin farko, shi ya tambaya: ana sayar da giya a wurin? Ya ce ana sayarwa, amma ba wanda zai ɗura maka. Ustaz ya ce to a yi haƙuri, shi ba zai zauna ba.

14/ Shiru na kamar minti goma. Sai ga saƙon murya, minti huɗu cur. Abin da na riƙe a ciki:

"Shekara uku kullum ni nake tsallakowa. Na san mai shayin Unguwar Dosa, ya san yadda nake son indomi na. Ni nake tsare muku jakunkuna a ƙofar masallaci. Da azumi ko ruwa ba na sha a gabanku. A cikinku wa ya san kalar ƙofar gidanmu?"

15/ Mutum bakwai sun saurara, alamar ta nuna. Ba wanda ya amsa har gari ya waye.

16/ Ni a ganina kowannensu yana kan gaskiyarsa, kuma har yau ban sauya ba. Ustaz ba raini ya yi ba. Ko a tsakiyar Kawo aka buɗe wurin ba zai zauna ba, addininsa ne, kuma bai ce kowa kada ya je ba. Masu saurin cewa irinsu sun cika tsauri, ku bar mutum da iyakarsa. Shi kuma ɗan Narayi, na sake jin saƙon sau uku, ko sau ɗaya bai ambaci giya ba. Ƙofar gida ya ce.

17/ Mahaifiyarsa ce ta raba gardamar. Ashe tana tsakar gida tana jin sa lokacin da yake ɗaukar muryar. Da safe ya rubuto, a taƙaice kamar wanda aka tilasta: "Mama ta ce ku zo gida. Ta ce ku taho da kifin, ita za ta dafa." Ustaz ne ya fara amsawa. Ya ce in sha Allahu.

18/ Ranar Asabar ƙarfe 8 muna bakin ruwa ƙasan Malali, ba nisa da matatar ruwan da ke ɗiba daga kogin. Mai kwalekwalen wani dattijo ne masunci, mutumin Yawuri, ya ce ya haura shekara 30 a kogin nan. Ɗansa ke tuƙa na biyun. Ya dube mu cikin rigunanmu ruwan lemo ya ce, "'Yan boko, yaƙi za ku je?" Amma bai ce a cire ba. Da ido ya auna nauyinmu ya zaunar da kowa, ya ce ba mai miƙewa, ba mai hoto a tsaye. "Wanda ya miƙe, ni zan zaunar da shi da filafili."

19/ Abu na farko da ya buge ni shiru ne. Kaduna ce fa, ga rufin gidaje kana hangowa, amma babu hon, babu janareta, babu ɗan Keke mai zagin ɗan bas. Sai ƙarar filafili da injin ban-ruwa daga nesa. Gaɓa duk lambuna ne: alayyafo, latas, kabeji, tumatir. Rabin salak ɗin da muke ci da tsire da yamma a nan yake kwana. Balbelu fal, da wani zalɓe da ya tsaya a kan dutse yana kallonmu kamar lakcara ranar jarrabawa.

20/ Sai masu yashi. Wallahi na daɗe ban ga aiki irin wannan ba. Mutum ya ja numfashi ya nitse da bokiti, ya taso da shi cike, ya juye a kwalekwale, ya koma. Haka har kwalekwalen ya cika, bakinsa saura kaɗan ya sha ruwa, sannan a tura shi gaɓa inda tifa take jira. Da sanyin Nuwamba. Bulon ɗakin da kake kwance kana karanta wannan zaren, mai yiwuwa wani ne ya nitso yashinsa da numfashi ɗaya.

21/ A wurinsu muka yi zangon farko, wajen Unguwar Rimi. Suna da mai shayinsu, rumfar buhu da benci biyu. Shayi mai kauri, burodi, ƙwai. Kafin a gama soya na biyu, ɗan Sabon Tasha ya shiga musu da wani mai yashi a kan Arsenal, har ana nuna juna da cokali. Ba wanda ya tambaye mu daga ina, sai mai shayin da ya so ya san nawa ake hayar rigar ruwa. Ya ce yana da ƙane a cikin masu nitson.

22/ Mun tambayi Baba maganar kada, tunda ana cewa daga kadduna sunan garin ya samo asali, kodayake Gbagyi suna da nasu bayanin. Ya ce rabonsa da ganin kada a nan ya daɗe, leda ta kore su. Sai ya ƙara da cewa, "amma ban ce babu ba." A hankali na ga hannaye huɗu sun fito daga ruwa sun koma kan cinya.

23/ Maganar leda kuwa ba wasa yake ba. Duk inda magudana ta shigo daga cikin gari za ka sani tun kafin ka gani. Ledar fiya wata, robobin lemo, famfas, takalmi wari ɗaya. Daga kan gada ba a ganin wannan. Baba ya ce in ya jefa birgi sau goma, uku shara yake jawowa.

24/ Mu ma mun samu namu ɗakin ruwan irin na Turawa, sai dai namu duwatsu ne. Akwai inda ruwa ya ja baya, kwalekwale ba zai wuce da mutane ba. Baba ya ce kowa ya sauka. Muka naɗe wanduna, ruwa iya gwiwa, dutse da santsi kamar an shafa kuɓewa, muna turawa yana ba da umarni. Silifas ɗin ɗan Tudun Wada ya tafi. Mun yi masa addu'a ya isa dam ɗin Shiroro lafiya, ya ba da tasa gudummawar a megawat 600 ɗin 😂

25/ Zango na biyu Gamji, wurin shaƙatawar da aka sa wa sunan Janar Hassan Usman Katsina. A nan muka yi Azahar, muka ci awara. Da yawanku kun yi hoto a 'yar gadar ƙarfen Lugga da ke ciki. A Zungeru aka fara kafa ta a 1904, daga baya aka kwance ta aka kawo nan. Hedikwatar Arewa ma daga Zungeru aka dawo da ita Kaduna a 1917. Kuma Zungeru a bakin wannan kogin take, can ƙasa. 

26/ Bayan mun bar Gamji ne ɗan Narayi, da yake kwalekwale ɗaya muke, ya tambayi Baba ko yana nan a 2000. Baba ya ɗan jima yana tuƙi kafin ya amsa.

"Ina nan. Hanya ba ta biyuwa, sai ruwa. Na kai wasu can, na dawo da wasu nan, mata da yara da ƙullin kaya. Ban tambayi kowa sunansa ba. Kuɗi kuma na karɓa, ba zan yi muku ƙarya ba, wanda yake da shi."

27/ Ustaz ya ce, "Baba, Allah ya saka da alheri." Ya ce amin. Sannan ya ce akwai abin da ruwa ya riƙa kawowa a kwanakin nan da ba zai gaya mana ba, mu yara ne. Daga nan har muka shiga ƙarƙashin sabuwar gadar Kabala Costain ba wanda ya sake magana. Gadar da take sauka Barnawa. Daga ƙasa motoci kamar tsawa suke.

28/ Kifin a hannun wani masunci muka saya, kwalekwale da kwalekwale a tsakiyar ruwa. Tarwaɗa huɗu manya da karfasa. Ustaz aka bar wa ciniki, don ɗan kasuwa ne tun kakanni. Ya taya har mai kifin ya ce, "Malam, ka ji tsoron Allah." Baba ya yi dariyarsa ta farko a ranar.

29/ Wajen ƙarfe 3 muka sauka a gaɓar Barnawa. Mun roƙi Baba ya biyo mu ya ci abinci, ya ce a'a, komawa sama ta fi gangarowa wuya, kuma yana da taru da zai duba kafin duhu. Muna sa ƙafa a ƙasa wayoyi suka fara ƙara. Iyaye mata shida, tambaya ɗaya: kun sauka? Ta biyu kuma: yaushe za ku dawo?

30/ A hanyar Narayi Kekenmu ya bi ta gaban wurin gashin kifin nan. Kujerun roba, hayaƙi, kiɗa tun da rana. Ɗan Narayi ya taɓo Ustaz ya ce, "Malam, ga inda ka hana mu." Ustaz bai ko juya ba ya ce, "Ƙamshin dai ba laifi."

31/ Ƙofar gidan shuɗiya ce. Na ce bari in faɗa, tunda an tambaya.

32/ Mama ta tare mu da Hausar da ta fi tamu. "Sannunku da zuwa 'ya'yana, ya ruwa? Wane ne ɗan Kawo a cikinku?" Na ce ni ne, Mama. Ta ce shekara 14 ta yi a Kawo, a can ta haifi yayyensa duka. Ta tambaye ni Kasuwar Talata, ta tambaye ni wani layi, ta kwatanta mini gidan da suka zauna har da bishiyar da ke ƙofarsa. Na san gidan. Ina wuce shi in zan je aski. Bishiyar an sare, amma ban gaya mata ba.

33/ A 2000 suka bar shi. Ina zaune da kofin zoɓo a hannu ina lissafi: a watannin da Umma ta shigo Kawo da kayanta, a cikinsu Mama ta fita da nata. Ba su san juna ba. Shekara uku muna zama benci ɗaya da ɗanta, wannan maganar ba ta taɓa haɗa mu ba, don shi ma ba a ba shi labarin ba. A gabanmu ya fara jin wasu abubuwan.

34/ La'asar ta yi, muna 'yan kalle-kalle, sai ta fito da buta biyu da tabarma ta ce, "Ga gabas can, wajen tankin ruwa." Ustaz ya ja mu. Daga baya ta ce da gangan ta ce kifi, don kada kowa ya zauna yana tunanin wa ya yanka. Farfesun tarwaɗa da doya, yaji kamar ana fushi da mu. Ustaz ya yi ƙari sau biyu, tana ta "ci mana Malam, kai ne siriri a cikinsu."

35/ Kada wani ya ɗauka an yi wani sulhun duniya. Ustaz har gobe ba zai zauna a mashaya ba. Su biyun da suka raka mu bakin titi, wurin gashin kifinsu suka wuce, sun ma turo hoto. Mu shida kuma kafin Magariba muna cikin bas, don haka kowa ya yi alkawari a gida, kuma Mama da kanta ta ce mu tashi kada dare ya yi. Ita ma ta san dokar. Tafiyar da ta ci mana wuni a ruwa, ta gadar Sitadiyam ko minti 20 ba mu yi ba.

36/ 'Yan matan ajinmu sun ga hotuna, sun ce mun nuna musu wariya, kuma gaskiyarsu ne. Suna shirya nasu bayan jarrabawa. Sun riga sun fi mu tsari, har da wadda za ta riƙe kuɗi da rasit.

37/ Da za mu taho Mama ta miƙo mini kula cike da farfesu, ta ce, "Ka kai wa mamanka, ka ce maƙwabciyarta ta Kawo tana gaishe ta." Na kai, na faɗa yadda aka ce. Umma ta buɗe, ta daɗe tana kallo, ta tambaye ni wane layi. Na gaya mata. Ta ce, "Gidan mai bishiyar nan?" Na ce shi. Ta ɗumama ta zuba wa Abba, suka ci.

38/ Kular tana gidanmu har yanzu, an wanke ta an kife a saman firji. Ɗan Narayi ya tambaye ni sau biyu, Mama na nemanta. Na gaya wa Umma, ta ce ba a mayar da kwano haka nan, sai ta samu lokaci ta yi dambun nama. Na ce in ta gama ni zan kai. Ta ce wa ya ce maka kai za a aika.